RA'AYINMU: Allurar Zazzaɓin Cizon Sauro da Aikin da Ya Rage Mana

A ran 2 ga watan Oktoba na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa ta amince a riƙa yi wa ƙananan yara wata sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wadda ake kira R21. Masanan Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila ne suka ƙago ta, aka jarraba ta a jikin yaran Afirka, sa'an nan wani kamfani na ƙasar Indiya ya ɗauki nauyin sarrafa ta da yawa. Bayan wata 14, watau a farkon watan Disamba na 2024, aka soma yi wa yara ita a jihohin Kebbi da Bayelsa. Wannan mujalla ta ga ya wajaba ta tsaya a kan wannan labari, domin a cikin dukan binciken da jami'o'in duniya suka yi a 'yan shekarun nan da wuya a sami wanda ya shafi gidajenmu kamarsa, kuma domin a cikinsa akwai darasin da ya kamata kowane ɗalibi ya ji, ko da zai yi masa ɗaci.

Babu wanda zai karanta wannan shafi da bai san zazzaɓin cizon sauro ba. Mun saba da shi har mun raina shi, in damina ta kankama sai ka ji ana cewa ai ɗan masassara ce. To, ga abin da wannan ɗan masassara yake yi. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 an kamu da cutar sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kashi 95 daga cikin 100 na waɗannan mamata 'yan Afirka ne, kuma wajen uku daga cikin kowane huɗu yara ne da ba su cika shekara biyar ba. Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 31 daga cikin 100 na mamatan duniya, watau wajen mutum 500 ke nan a kowace rana ta Allah. Jamhuriyar Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi kowa asarar rayuka. A binciken da aka yi a ƙasar nan a shekarar 2021, an sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 daga cikin 100 na ƙananan yara, amma a Jihar Kebbi kashi 49 ne, kusan yaro ɗaya cikin biyu.

Mai karatu yana iya tambaya, yaya aka yi cutar da ta daɗe haka sai yanzu aka sami rigakafinta? Tun a 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majinyaci a ƙasar Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Abin da ya gagari masana shi ne wayon ƙwayar kanta. In macen sauro ta ciji mutum, sai ta zuba masa ƙwayoyin a jiki, su bi jini su shige hanta cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. A can za su ɓuya kamar mako guda suna hayayyafa, ƙwaya ɗaya ta zama dubbai, sa'an nan su fashe su fito su afka wa jajayen ƙwayoyin jini. A lokacin ne jiki zai yi zafi, yaro ya kama rawar ɗari, jininsa ya ragu, wani har ya sume ko ya yi jijjiga. A kowane zango na wannan tafiya ƙwayar tana sake kama kamar hawainiya, kafin garkuwar jiki ta gane ta a wata siffa ta riga ta koma wata.

Dabarar da masana suka yi ita ce su tare ta a bakin ƙofa, tsakanin cizon sauro da shigarta hanta. Suka ɗebi wani yanki na rigar da ƙwayar take sanye da ita a wannan zango, suka liƙa shi a jikin ɓawon ƙwayar ciwon hanta, wanda ba shi da lahani in an raba shi da cikinsa, domin jikin yaro ya ga rigar ya shaida ta tun kafin mai rigar ya iso. Da wannan dabara aka yi allura ta farko mai suna RTS,S, wadda kamfanin GSK ya soma aikinta a 1987, amma ba ta sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya ba sai a 2021, bayan shekara 34. Abin da masanan Cibiyar Jenner ta Oxford suka ƙara, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adrian Hill, shi ne suka sami hanyar cika ɓawon nan da rigar ƙwayar zazzaɓi ko'ina, alhali a allurar farko kashi ɗaya ne kawai daga cikin biyar ke ɗauke da ita. Suka haɗa da wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, Matrix-M na kamfanin Novavax, wanda ake samu daga ɓawon wata itaciya ta ƙasar Cile. Ya kamata 'yan'uwa ɗalibai su lura da wani abu a nan: wadda ta yi aikin farko na haɗa R21, Katharine Collins, ɗaliba ce a lokacin, tana neman digirinta na uku.

Amma fa ba a Oxford aka tabbatar da amfanin allurar ba, domin babu zazzaɓin cizon sauro a Ingila. A garin Nanoro na ƙasar Burkina Faso aka yi, a ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto da abokan aikinsa, 'yan ƙasar. A 2019 suka sa yara 450 'yan wata 5 zuwa 17 a cikin gwaji, da sakamako ya fito a 2021 aka ga allurar ta rage kamuwa da cutar da kashi 77 daga cikin 100 a cikin shekara guda. Wannan ne karo na farko da wata allura ta cim ma kashi 75 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba. Daga nan aka faɗaɗa gwajin zuwa yara 4,800 a wurare biyar: Nanoro da Dande a Burkina Faso, Bougouni a Mali, Kilifi a Kenya, da Bagamoyo a Tanzaniya. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon a watan Fabrairu na 2024. A wuraren da cutar ke zuwa da damina, irin namu, aka kuma yi allurar gab da faɗuwar ruwa, raguwar ta kai kashi 75. A wuraren da cutar ba ta da lokaci kuwa, kashi 68.

Har wa yau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce alluran nan biyu duka suna da kyau, ba a kuma gwada su kafaɗa da kafaɗa ba balle a ce wannan ta fi waccan. Inda R21 ta yi zarra shi ne yawa da araha. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya tanadi ikon yin allura miliyan 100 a shekara, kuɗin kowace ɗaya kuma bai kai dala 4 ba. Gana ce ƙasa ta farko da ta amince da ita a watan Afrilu na 2023, Nijeriya ta bi bayanta a cikin watan, Kwaddibuwa kuma ta riga kowa soma yi wa yara a watan Yuli na 2024. A wannan shekarar ce kuma Kamaru da Nijar da Cadi suka shigar da rigakafin zazzaɓi cikin jerin alluran yara.

To, lalle wannan abin murna ne, amma kada murna ta sa mu faɗi abin da masu binciken ba su faɗa ba. Kashi 75 ba kashi 100 ba ne. Yaron da aka yi wa allura yana iya kamuwa da zazzaɓi, sai dai ba zai yawaita kamuwa ba kamar wanda ba a yi wa ba. Ƙarfinta yana raguwa da tafiyar lokaci, shi ya sa ake ƙara ta huɗu bayan uku na farko. Ba ta kore gidan sauro ba, ba ta kore share kwatami ba, ba ta kuma kore maganin nan da ake bi gida gida ana ba yara wata wata da damina ba. Hasali ma wani gwaji da aka yi a Mali da Burkina Faso, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa in aka haɗa allurar RTS,S da maganin damina, kwanciya asibiti da mutuwa suna raguwa da wajen kashi 70 bisa ga yin amfani da ɗaya kaɗai. Mu a ƙasar Hausa mun riga mun ɗauki wannan darasi tun tuni. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike a ƙasar Garki, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa, aka fesa magani a ɗakuna, aka raba ƙwayoyi ga jama'a. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta komo. Abin da Garki ta koya wa duniya shi ne, a ƙasa irin tamu makami ɗaya ba ya kashe wannan dodo.

Wannan ya kawo mu ga maganar da muke so mu yi. A ganinmu aikin jami'a ba ya ƙarewa ranar da aka buga sakamako a mujalla. Yana ƙarewa ne ranar da yaron da ke can ƙauyen da mota ba ta zuwa ya karɓi allurarsa ta huɗu. Oxford da Nanoro sun sauke nasu nauyin, saura namu, kuma namu ɗin kashi biyu ne.

Na farko shi ne kai allurar ga masu ita. A tsarin Nijeriya ana yi wa yaro yana wata 5, da wata 6, da wata 7, sa'an nan a ƙara masa yana wata 15. Watau sau huɗu uwa za ta goya ɗanta ta tafi ɗakin shan magani, wata da tafiyar sa'o'i a ƙasa, wata cikin tsakiyar aikin gona, wata sai ta jira izinin maigida da kuɗin mota. Sau huɗu kuma ake bukata ta tarar da ma'aikaci a wurin, ta tarar da allurar a cikin sanyin da ya dace da ita, a garin da wutar lantarki baƙuwa ce. Kason farko da ya iso ƙasar nan a watan Oktoba na 2024 allura 846,000 ne da 'yan kai, da niyyar a cika miliyan ɗaya. Miliyan ɗaya ta yara 250,000 ce, alhali ana haihuwar jarirai fiye da miliyan 7 a Nijeriya kowace shekara. Bugu da ƙari, a 2023 akwai yara fiye da miliyan 2 a ƙasar nan da ba a yi musu ko da allurar farko ta rigakafin da aka saba ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Yaron da tsohuwar allura ba ta iske shi ba, ta yaya sabuwa za ta same shi?

Sai kuma batun yarda. Kada wani mai ilmin zamani ya yi wa iyayenmu kallon jahilai don sun yi tambaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a Kano a kan yara wajen 200, yara 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara da yawa suka gurgunce a banza. Amma da aka koma aka zauna da sarakuna da malamai da masu unguwanni, aka yi wa jama'a bayani da harshensu, sai ga shi a watan Agusta na 2020 an tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ashe jama'a ba gaba suke yi da magani ba, so suke a gaya musu gaskiya, kuma wanda suka sani ya gaya musu. Wa ya fi dacewa da wannan aiki in ba ɗansu da suka tura jami'a ba?

Nauyi na biyu ya fi na farko ciwo. A sake duba sunayen wurare biyar ɗin nan da aka yi babban gwajin. Babu ko ɗaya a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace asarar 'ya'ya ga wannan cuta, ƙasar da ke da makarantun likitanci tun daga Ibadan har Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Nanoro ƙaramin gari ne, Burkina Faso kuwa ba ta kama ƙafar Nijeriya a arziki ba. Abin da suka fi mu shi ne sun yi shekara da shekaru suna gina cibiya guda, da ma'aikata masu zama, da rajistar da ta san kowane gida da kowace haihuwa a yankin, har duniya ta yarda da lissafinsu. Gwajin da ake bin yaro wata wata har shekara huɗu ba ya yiwuwa a inda ake rufe jami'a wata takwas, kamar yadda aka yi mana a yajin aikin 2022. Ba ya kuma yiwuwa a inda malamin da ya ƙware yake neman takardar fita ƙasar waje. Abin takaici shi ne mun taɓa iyawa. A Yaba ta Ikko akwai ɗakin da gwamnati ke sarrafa alluran rigakafin agana da shawara da cizon mahaukacin kare, har ana aika wa maƙwabta, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara.

Mun san za a ce mana, ƙasar da ba ta gama sa gado a asibiti ba ina ita ina binciken kimiyya, ai gara a bar masu kuɗi su yi, mu saya. Amsarmu ita ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yawancin alluran nan da taimakon ƙungiyar Gavi ake samo su, kuma a 2025 duniya ta ga yadda Amurka ta zabtare tallafin da take bayarwa a waje cikin 'yan watanni. Ban da wannan ma, akwai tambayoyin da babu wanda zai amsa mana su daga Ingila. Wane wata ya fi dacewa a yi allurar a Argungu, wane ne a Yenagoa, tun da daminarsu ba ɗaya ba ce? Me ke hana uwa komowa a karo na huɗu? A waɗanne garuruwa ne sauro ya daina jin maganin da ke jikin gidan sauro? Wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya, mai son zaman birni da ruwan tanki, wanda aka gano a Jihar Gombe a 2020, ina ya kai yanzu? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kuma kada a ce ba za mu iya ba: a wata cibiya ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, Farfesa Christian Happi da mutanensa suka tabbatar da shigowar cutar Ebola Nijeriya a 2014, su ne kuma suka fara karanta tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi su tuna alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 daga cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Muna kira ga asusun TETFund ya fifita binciken da zai ɗauki shekaru a kan gine-ginen da ake yanke wa kyalle a watse. Muna kira ga hukumomin jami'o'inmu kowace ta zaɓi ƙaramar hukuma guda a kusa da ita, ta riƙe ta, ta san haihuwarta da mutuwarta da cututtukanta, ta kuma kafa kwamitin da zai tsare haƙƙin duk wanda za a yi bincike a kansa, domin kada abin da ya faru a 1996 ya sake faruwa.

Mu kuma ɗalibai, kada mu tsaya ga nuna yatsa. Ƙungiyarmu tana iya shirya wa 'ya'yanta bita kafin hutu, likitocinmu su koya mana abin da za mu faɗa da abin da ba za mu faɗa ba, kowa ya koma garinsu da amsa a bakinsa. Ɗalibin Hausa ya fassara bayanin allurar yadda tsohuwa za ta gane. Ɗalibin lissafi ya taimaki ɗakin shan maganin garinsu da rajista. Ɗalibin injiniya ya duba firijin da ya mutu. Wanda zai rubuta kundin kammala digiri ya bar kwafe-kwafe, ya ɗauki tambaya guda daga cikin na gidansu ya bi ta da gaske. 'Yan'uwanmu da suka riga mu fita, waɗanda yanzu suke zaune a ofisoshin gwamnati, su tuna cewa takardar kuɗin man janareto ko ta alawus ɗin ma'aikatan rigakafi da ta kwana a kan tebur, akwai yaron da ke jiranta.

An yi shekara 143 tsakanin ranar da Laveran ya ga ƙwayar nan da ranar da aka amince da R21. Waɗanda suka yi aikin sun gaji juna, malami ya miƙa wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami, yawancinsu ba su ga ƙarshen abin da suka soma ba. Iyaye 4,800 na ƙasashen Afirka sun miƙa 'ya'yansu domin 'ya'yan wasu su amfana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu da talakawan ƙasar nan suka ɗauki nauyin karatunmu, ladan yana cikinmu, askin kuwa shi ne mu kai wannan allura inda ake bukatarta, mu kuma shirya domin in za a sake rubuta irin wannan labari, a sami sunan jami'a tamu a ciki. Allah ya sa mu dace.